Ina Ka Kwana Jiya? Darasi ga Masu Sa Kai a Ƙidayar Marasa Makwanci a Paraku da Jugu

Wannan darasi daga ofishin kariya ya fito. Mun rubuta shi domin waɗanda suka ba da sunansu za su taya mu ƙidayar mutanen da ba su da makwanci a Paraku da Jugu, da kuma waɗanda ke son su san aikin tukuna kafin su ba da suna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi. A ƙarshe akwai tambayoyi, da su za mu buɗe zaman horo.

Kashi na 1: Me ya kai mu Paraku da Jugu?

Tun ƙarshen shekarar 2021, lokacin da aka kai hari a Porga, mutane ke ta barin ƙauyukan bakin iyaka. Wasu daga Burkina Faso suka shigo, wasu daga Togo ko Nijar, wasu kuma ƴan Benin ne da suka bar gonakinsu a Atakora da Alibori. Da yawa sun fara sauka a Materi da Tangiyeta da Banikoara da Kandi, can aka rubuta su. Amma rajista ba ta ɗaure ƙafa. Idan hatsi ya ƙare, saurayi yakan ce bari ya gangara kudu neman aiki. Wanda ya biyo ta Natitingu, Jugu ce babban garin da zai taras, bayan tafiyar kilomita 80 ko makamancin haka. Wanda ya biyo ta Kandi, Paraku zai faɗa.

Ga kuma wani dalili. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Paraku gari ne da ya saba cin abinci daga kayan da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Nijar. Da hanya ta tsaya, karnukan mota da ƴan dako da masu sayar musu da abinci sun ji a jikinsu. Wanda ke biyan hayar ɗaki da kuɗin lodi, in lodi ya tsaya, ɗakin ma yakan tafi.

Ƙidayar ƙasa ta 2013 ta sami mutum sama da dubu 255 a Paraku, da sama da dubu 267 a gundumar Jugu. Irin wannan ƙidaya gida gida take bi, kuma tun da aka yi ta shekaru sun wuce, abubuwa da yawa sun faru. Idan yau magajin gari ya tambaye mu mutum nawa ke kwana a rumfunan kasuwar Arzeke ko a tashar motar Jugu, ba mu da amsar da za mu tsaya a kanta. Wani zai ce kaɗan ne, wani zai ce ba su ƙirguwa. Da irin wannan amsa ba a sayen bargo, ba a gina banɗaki.

Kashi na 2: Kuskuren da muka yi da kalmar “gida”

Kafin mu koya muku, bari mu faɗa muku inda muka yi tuntuɓe.

Mun yi daren gwaji da ƴar ƙaramar tawaga. Takardar tambayoyin da Faransanci aka rubuta ta, mu masu fassara muka mayar da ita Hausa. Tambayar farko muka fassara ta da “Kana da gida?” A tasha muka sami wani dattijo zaune kusa da teburin mai shayi, ya lulluɓa da mayafi. Muka gaisa, muka yi masa tambayar. Ya ɗaga kai ya ce: “Ina da gida mana, ɗana. Ɗaki huɗu da rumbu biyu, ga rijiya a tsakar gida.” Muka sa alama a gurbin masu gida, muka yi godiya, muka wuce.

Da za mu koma, mai shayin ya kira mu gefe. Ya ce tsohon nan tun kafin damina yake kwana ƙarƙashin teburinsa. Gidan da yake faɗa yana can ƙetaren iyaka, a ƙauyen da babu kowa cikinsa yanzu.

Tsohon bai yi mana ƙarya ba. Mu ne muka yi tambayar da ba ta dace ba. A Hausa gida ba gini ba ne kawai. Gida shi ne garinku, da danginku, da inda aka binne cibiyarka. Bahaushen da ya shekara talatin a Kwatano, in ya ce zai je gida, kowa ya san ba ɗakin hayarsa yake nufi ba. Kuma mutum ya buɗe baki ya ce “ba ni da gida” kamar ya ce ba shi da asali ne. Babu mai mutunci da zai faɗi haka ga baƙon da ya zo masa da takarda tsakar dare. Ƴan uwanmu masu fassara Dandanci da Fulatanci da Gurmanci sun ce su ma sun ci karo da irin wannan.

Saboda haka muka soke tambayar. Muka sa uku a madadinta. Ku haddace su:

1. Ina ka kwana jiya?
2. Tun yaushe kake kwana a wurin?
3. Akwai ɗakin da za ka iya zuwa yau ka rufe ƙofa, babu mai ce maka ka tashi?

Ku lura da ta farko. Kullum da safe muna cewa “ina kwana”, a amsa mana “lafiya lau”, ko da mutum a kan kwali ya kwana. Gaisuwa ce, kuma rufin asiri ce. “Ina ka kwana” kuwa tambaya ce mai neman sunan wuri. Ba ta taɓa asalin mutum, ba ta ce masa matsiyaci. Daren jiya kaɗai take tambaya, kuma kowa yana iya faɗin inda ya kwana jiya ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Dukan aikinmu a kan wannan tambaya ya tsaya.

Kashi na 3: Wa za a ƙidaya, wa za a bari?

Garuruwan nan biyu sun daɗe da sanin baƙo. Zamanin fatake, ayarin da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar Bargu da Jugu yake ratsawa, a nan madugu ke sauke kaya. Sunan unguwar Zango daga nan ya samo asali. Har yau baƙon da ya sauka a Zango da wuya a bar shi a titi daren farko. Za a nuna masa zaure, ko barandar masallaci, ko shagon wani. Abin alheri ne. Amma shi ne kuma ke ɓoye matsalar. Mutum yana iya shekara ba shi da makwancin kansa, ba a taɓa ganinsa kwance a bakin hanya ba.

Don haka takardarmu tana da rukuni uku.

Rukuni na ɗaya: mai kwana a fili. Rumfar kasuwa, tasha, ƙarƙashin babbar mota, bakin shago, kango, ginin da ba a gama ba.

Rukuni na biyu: mai kwana a wurin jama’a da ba don kwana aka yi shi ba. Masallaci, barandar coci, ajin makaranta bayan an tashi, harabar asibiti alhali ba jinya yake yi ba.

Rukuni na uku: wanda ke raɓe. Yana kwana a zauren wani, ko madafar wata, ko shagon maigidansa, bisa alfarma. Ba ya biyan haya, ba ɗan gidan ba ne, kuma ran da aka ce ya tashi ba shi da ta cewa.

Ga waɗanda ba sa cikin lissafi, ko da kun same su kwance a waje: matafiyin da ke jiran motar asuba, direba ko karen motar da ke da ɗaki a wani gari kuma zai koma, mai gadin da ke bakin aikinsa, mai jinya a asibiti, ɗan zemijan da ya kishingiɗa a kan babur yana jiran fasinja. Tambaya ta biyu da ta uku su ne za su raba muku waɗannan da waɗancan. Amma ku kula da karen motar da motarsa ta yi watanni ba ta motsa ba, ɗakin haya ya kuɓuce masa. Shi ya shiga rukuni na ɗaya.

Sai maganar almajirai, wadda kullum ake tambayarmu. Paraku da Jugu garuruwan malamai ne, makarantun allo suna da yawa. Yaron da ke kwana a makarantarsu, malaminsa ya san inda yake, ba ma sa shi cikin rukunan nan uku. Yana da takarda dabam, wadda za a cika da rana, da izinin malam, a zaune cikin girmamawa. Yaron da ya bar makaranta, ko aka kore shi, yake kwana a kasuwa babu babban da ke duba shi, wannan yana rukuni na ɗaya, kuma a daren za a sanar da shugaban tawaga. A dokar yara ta Benin ta 2015, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ko da gemu ya fara fito masa.

Ba ruwanmu da ƙasar mutum wajen shigar da shi lissafi. Ɗan gudun hijira, da ɗan ƙasar da rikici ya raba da ƙauyensa, da ɗan garin da talauci ya fitar daga ɗaki, duk layi ɗaya ne a takarda. Sanyin da ke kaɗa su ɗaya ne.

Kashi na 4: Me ya sa dare ɗaya, kuma lokacin hunturu?

Ba mu muka ƙago wannan hanya ba. A Amurka, a kwanaki goman ƙarshe na watan Janairu ake fita a ƙidaya marasa makwanci a dare ɗaya, kuma masu sa kai ne ke ɗaukar yawancin aikin. A Janairun 2024 sun sami mutum sama da dubu 770. Birnin Paris ya fara tasa a watan Fabrairun 2018, ya sami kimanin mutum dubu 3 a dare guda. Indiya, a ƙidayarta ta 2011, ta ware daren 28 ga Fabrairu domin marasa gida, ta sami sama da miliyan 1 da dubu 700. Mun kawo waɗannan ne don ku san cewa rashin makwanci ba abin kunyar Paraku ko Jugu ba ne. Ƙasashen da suka fi mu dukiya ma suna fita da fitila suna ƙirga nasu.

Dare ɗaya, saboda mutane suna motsi. Wanda ya kwana a kasuwar Arzeke yau, gobe yana iya kwana a Gema ko kusa da tashar jirgin ƙasa. In muka ɗauki mako guda, sai mu ƙirga mutum ɗaya sau uku. Haka tsakanin garuruwan biyu: kimanin kilomita 135 ne, tafiyar ƴan sa’o’i. Shi ya sa tawagar Paraku da ta Jugu za su fita a dare ɗaya, a sa’a ɗaya.

Hunturu kuwa, saboda shi ke tace mana mutane. A watan Maris da Afrilu zafi yakan fitar da kowa waje, mai ɗaki da marar ɗaki, kowa da tabarmarsa a ƙofar gida. Ba za ka bambanta su ba. Amma a Disamba da Janairu, in iskar hunturu ta taso, duk mai ƙofa yakan shiga ya rufe. Wanda ka samu a waje ƙarfe biyun dare a wannan lokaci, akwai dalili.

Kashi na 5: Yadda daren zai kasance

Kafin ranar, ofis zai karɓo izini a rubuce daga magajin gari, ya sanar da ƴan sanda da delege na kowace unguwa cewa za a ga mutanenmu da dare. Za mu gaida Sarkin Zango da limamai da shugabannin tasha da na kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su za su nuna mana lungunan da ba ma sani, mu sa su a taswira.

Kowace tawaga mutum uku ce: wanda ya san unguwar, wanda zai rubuta, da wanda ke jin harsuna. Za mu yi ƙoƙari kowace tawaga ta sami mai jin Dandanci, domin shi ne harshen kasuwa a garuruwan biyu, sannan Hausa ko Fulatanci ko Gurmanci ko Bargance gwargwadon unguwa. Ba a rabuwa. Ba a ƙetare iyakar da aka zana muku, ko da kun hango mutum a tsallaken titi, domin wata tawaga ce ke da shi.

Za a fara ƙarfe 11 na dare, a gama ƙarfe 3. Kafin 11 mutane ba su kwanta ba. Bayan 4 kuma sun fara naɗe tabarma saboda asuba. Kowa zai riƙe katin shaida, da kwafin izini, da tocila, da fensir biyu, da rigar sanyi.

Wanda kuka samu yana barci, kada ku tashe shi. Barcin mai kwana a waje da ƙyar yake samuwa. Ku haska ƙasa, kada ku haska fuska. Ku rubuta abin da ido ya gani: namiji ko mace, babba ko yaro, da irin wurin. In an lulluɓa har ba ku iya ganewa, ku sa “ba a sani ba”. Kada ku yi kintace.

Wanda ke farke, ku yi sallama daga nesa kaɗan, ku durƙusa ko ku tsuguna. Kada ku tsaya masa a ka. Ga misalin yadda magana za ta tafi:

“Salamu alaikum, Baba. Sannu da hutawa. Yaya sanyi?”

“Sanyi lokacinsa ne. Lafiya da daren nan?”

“Lafiya lau, Baba. Mu masu sa kai ne, muna ƙirga mutanen da ke kwana a waje don hukuma ta san yawansu. Ba ma rubuta suna, ba ma ɗaukar hoto, ba mu kuma zo da rabon komai ba. In ka yarda za mu yi maka tambaya kaɗan. In ba ka so, babu laifi.”

“To, ina jin ku.”

“Akwai waɗanda suka riga mu zuwa da irin wannan takarda yau?”

“Babu.”

“Baba, ina ka kwana jiya?”

Macen da ta girme ku ku ce mata Inna ko Iya, sa’arku ku ce Yaya ko Malama, kuma mace ce za ta yi mata magana. In mutum ya ƙi, ku yi godiya, ku sa alamar “an gani, bai amsa ba”, ku wuce. Wasu tsofaffi suna ƙyamar a ƙirga mutane. Sun ji daga iyayensu cewa zamanin Nasara, in an zo ƙirga, haraji da aikin tilas ne ke biyo baya. Kada ku yi musu gardama. Ku faɗi gaskiyar abin da ya kawo ku sau ɗaya, ya isa.

Kashi na 6: Waɗanda dare ba ya nunawa

A daren gwaji kusan duk waɗanda muka gani maza ne. Da mun tsaya a nan, da mun rubuta cewa matsalar ta maza ce. Ba haka ba ne. Macen da ba ta da makwanci ba ta kwana inda za a gan ta, saboda ta san abin da ke iya samunta. Takan nemi mai tuwo ko mai ƙosai ta riƙa yi mata wanke-wanke, a bar ta ta kwana a madafa ita da ƴaƴanta. Wata tana gidan da take aikatau. Wata ta haƙura da zaman da ba ta so, don kawai akwai rufi. Duk waɗannan rukuni na uku ne, tocila ba ta kai wa gare su.

Saboda haka washegari akwai zagaye na biyu, da rana. Mata masu sa kai za su bi masu sayar da abinci, da bakin famfo, da wurin awon ciki da rigakafin yara, su yi tambayoyin nan uku a keɓe. Maza za su bi masu shayi da wurin lodi da ƙofar masallaci bayan azahar. Muna buƙatar mata sosai a wannan aiki. Wadda fitar dare ba ta yiwu mata, zagayen rana yana jiran ta.

Zagayen rana yana da wani amfani kuma. Da shi muke auna yawan waɗanda suka kuɓuce mana da dare. Ga misali, kuma adadin nan na koyo ne kawai, ba sakamako ba ne. A ce tawagogin dare sun ƙirga mutum 60 masu kwana a fili a wata unguwa. Da rana muka sami mutum 40 da suka ce a fili suka kwana jiya a unguwar. Muka tambayi kowanne daidai inda ya kwanta, muka duba taswira da takardun dare, muka ga 30 daga cikinsu an gan su, 10 ba a gan su ba. Ke nan daren ya kama uku cikin kowane huɗu. In 60 su ne uku cikin huɗu, jimlar ta kusa 80. Lissafin shi ne 60 sau 40, a raba da 30. A birnin New York har mutane aka taɓa ajiyewa da gangan a tituna, kamar marasa makwanci, don a ga ko masu ƙidaya za su same su. Manufar ɗaya ce: mai ƙidaya ya san cewa idonsa ba ya ganin kowa.

Shi ya sa idan sakamako ya fito za mu ce “aƙalla mutum kaza”. Ba za mu ce “su ke nan” ba.

Kashi na 7: Abubuwan da aka hana

Wannan kashi ya fi kowanne nauyi. Kun san halin da ake ciki a arewa. Baƙon da ba a san shi ba, mai kwana a tasha, mai wani harshe, ba shi da takarda a aljihu, zargi yana saurin hawa kansa. Takardar da ke ɗauke da sunansa da wurin kwanansa, in ta faɗa hannun da bai dace ba, tana iya jawo masa abin da ya fi sanyi muni. Mun fita ne don mu taimaka. Kada mu zama sanadin kama wani ko korarsa daga rumfar da ta rage masa.

1. Ba a rubuta suna, ko lambar waya, ko sunan ƙauyen mutum.
2. Ba a ɗaukar hoto ko murya. Waya tana aljihu, sai kiran shugaban tawaga. Ba a sa komai a WhatsApp ko Facebook, ko bayan an gama.
3. Ba a tambayar katin shaida, ba a tambayar yadda mutum ya ƙetaro iyaka.
4. Ba a fita da mai kaki cikin tawaga. An sanar da ƴan sanda don su san da mu, ba don su raka mu ba.
5. Ba a alkawari. Kada ku ce “za a ba ku ɗaki”, kada ku ce “sunanka zai shiga rabo”. Alkawari kaya ne, kuma ba ku za ku ɗauke shi ba.
6. Ba a ba da kuɗi. In aka ji ana rabo, mutane za su fito daga ɗakunansu su kwanta a hanya, lissafi ya lalace.
7. In kun gane wani, ɗan garinku ne ko surukin maƙwabcinku, abin da kuka gani ya tsaya a cikinku. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wataƙila iyalinsa suna nan tare da mu, suna zaton yana can yana aiki yana da ɗaki. Shi ke da ikon faɗa musu, ba ku ba.
8. Duk takardu, har waɗanda aka ɓata, a hannun shugaban tawaga za su kwana.

Abu uku ne kawai ke tsayar da ƙidaya: marar lafiya da ke cikin haɗari, yaro shi kaɗai, da wanda ya ce ana cutar da shi. A nan ku ajiye fensir ku kira shugaban tawaga. Domin yara akwai lambar kyauta ta ƙasa, 138. Kowace tawaga kuma za ta riƙe ƙananan katuna masu nuna inda cibiyar jin daɗin jama’a take, wadda a da aka sani da CPS, da ranakun da ofishin kariya ke sauraron mutane. Wanda ya ce shi ɗan gudun hijira ne kuma ba a rubuta shi ba, ko takardarsa ta ɓata, ku ba shi katin. Benin tana da doka tun Disambar 2022 kan matsayin ƴan gudun hijira da marasa ƙasa, kuma yana da haƙƙin ya nemi kariya. Amma da ƙafarsa zai zo, da rana, in ya ga dama. Ƙidaya dabam, rajista dabam.

Kashi na 8: Me adadin zai yi, me ba zai yi ba?

Ba za mu ruɗe ku ba. Ƙidaya ba ta gina ɗaki. Washegarin ranar, tsohon nan na tasha zai sake kwana ƙarƙashin tebur. Abin da za ta yi shi ne ta ba mu abin da za mu ajiye gaban magajin gari da ma’aikatar jin daɗin jama’a da hukumar HCR lokacin da ake tsara kasafi: mutum nawa, mata nawa, yara nawa, a wane yanki, tun yaushe. Jimla kawai za a miƙa, ba wurin kwanan kowa ba. Da ita ake sanin bargo nawa za a nema, ina ya kamata a sa famfo, wace unguwa ke buƙatar ma’aikaciyar da za ta riƙa zagaya mata. In aka sake ƙidayar baɗi da hanya iri ɗaya, za a ga ko abin yana ƙaruwa ko yana raguwa. Za mu kuma dawo mu karanta muku sakamakon a wannan takarda, domin ku kuka yi aikin.

Aikin sa kai ne, babu albashi. Ofis zai ɗauki kuɗin mota da abincin dare. Shiga ba ya ƙara wa takardunku na neman mafaka komai, ƙin shiga ba ya rage musu komai. Sharaɗi shi ne shekara 18 zuwa sama, da halartar horo. Rashin iya rubutu ba ya hana, domin mai harshe da masanin unguwa ba sa riƙe fensir. Da yawa cikinmu mun taɓa kwana a tasha a hanyarmu ta zuwa nan. Mun san yadda mutum ke ji in an haska masa fuska, mun kuma san muryar da ke kwantar da hankali. Wannan sani ba a koyar da shi a zaman horo, kuma shi muka fi buƙata.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ba ma tambayar mutum “kana da gida?” Waɗanne tambayoyi uku muka sa a madadinta?
2. Kun sami saurayi kwance ƙarƙashin babbar mota. Yaya za ku gane ko yana cikin lissafi?
3. Almajiri a makarantar malaminsa, da almajiri shi kaɗai a kasuwa: mene ne bambancinsu a takarda?
4. Dare ya ƙirga 90. Da rana an sami 30, kuma 20 cikinsu an gan su da dare. Nawa ne kimanin jimlar?
5. Wata mata ta ce ku rubuta sunanta don ta shiga rabo. Me za ku ce mata?
6. Kun gane ɗan garinku yana barci a rumfar kasuwa. Me za ku yi a daren, me za ku yi bayan kun dawo?

Ku tattauna su da na kusa da ku, ku zo da amsoshinku. Ranar horo da wurin haɗuwa za a liƙa su a allon sanarwa na ofishin kariya. Mai son ba da suna ya same mu a can da safe. Allah ya ba kowa makwanci mai rufi.